Rasuwar Dokta Habibullahi Isaka, Malamin Da Ya Koya Mana Shanya Ruwa A Rana

Cikin alhini mai nauyi da miƙa wuya ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Malaman Kimiyya ta Agiye, Gazawa da Gidan Rumji, ƙarƙashin jagorancin Shugabanta, Mai Girma Alhaji Malam Usmanu Ɗanasabe, ta samu labarin rasuwar ɗaya daga cikin dattawan da suka kafa ta, malamin ilimin sinadarai kuma shugaban sashenta na bincike, Malam Dokta Habibullahi Isaka, wanda Allah Ya yi wa cikawa a birnin Maraɗi bayan gajeriyar rashin lafiya, aka kuma yi jana'izarsa a Gidan Rumji kamar yadda addinin Musulunci ya tanada. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayin ya ƙare ƙuruciyarsa da ƙarfinsa yana koyarwa a lakol-lakol na wannan yanki, kuma duk wanda ya taɓa zama ajinsa ba zai manta da wani farin gari da yake yawo da shi cikin 'yar kwalba ba, wato okisid na tutiya, wanda a kansa ya yi digirinsa na dokta. Da hannunsa yake haɗa shi: ya narka gishirin tutiya a ruwa, ya zuba masa ruwan ganyen zogale da aka tace, ya ɗora a wuta yana juyawa har ya yi kauri, ya busar, sannan ya gasa. Garin kan yi ruwan ɗorawa in yana cikin zafi, in ya huce ya koma fari fat, abin da yake sa ɗalibai tafi kullum kamar ba su taɓa gani ba. Ƙwayoyinsa, waɗanda masana ke kira nano saboda tsabar ƙanƙanta, ido ba ya ganinsu, sai da ya aika samfuri tsallaken iyaka aka duba masa da babban madubin ganin ƙananan abubuwa, hotuna suka dawo, wasu siraran sanduna kamar allura, wasu a buɗe kamar furen kabewa. Ya nuna mana cewa zafin wuta da yawan ruwan ganyen su ne ke sauya siffar, kuma gwargwadon ƙanƙantar ƙwayar, gwargwadon ƙarfin aikinta. Aikin nata kuwa shi ne, idan hasken rana ya doke ta a cikin ruwa, sai ta riƙa kashe ƙwayoyin cutar da ke ciki.

Dokta Habibullahi ba mutum ne mai barin ilimi a cikin kwalba ba. Ganin yadda gudawa ke kwantar da yara duk damina a ƙauyukan da ke shan ruwan rijiya marar murfi, sai ya tafi Gangara wajen shugabar mata magina tukwane, Hajiya Batulu Marwa, suka yi shawarar a riƙa shafe cikin tukunya da garin a sake gasawa. Hajiya Batulu ta sa sunanta da na matanta a wannan aiki, ta kai kayan kasuwar mako da kanta tana yabawa. Sai ga shi an gwada ruwan, babu abin da ya sauya, mata kuma suka fara yi mata ba'a a kasuwa, ana ce da kayanta tukunyar 'yan boko. Marigayin ya bi gida-gida don ya ga inda gizo ke saƙar, ya tarar kowace tukunya an kai ta lungu mafi duhu a ɗaki, an dasa ta a jiƙaƙƙen yashi, an rufe da faifai, domin a ƙasar nan babu macen kirki da za ta bar ruwan sha a rana, balle ta miƙa wa baƙo. Waɗanda suka raka shi sun shaida cewa dariya ya yi har da hawaye. Daga nan ya sauya tsari: a gina kwatarniya mai faɗi marar zurfi, a tace ruwa da ƙyalle a zuba, a shanya shi tun hantsi har la'asar, sannan a juye a randa ya yi sanyinsa a inuwa.

A wannan lokaci na riƙon ƙwarya da ƙasarmu ke shirin komawa hannun farar hula, wasu 'yan takara sun nemi a shafa wa kwatarnin launin jam'iyyunsu ciki da waje su raba wa jama'a. Marigayin bai yi faɗa da kowa ba, ya dai gaya musu cikin ladabi cewa fenti zai rufe garin, rana kuma ba ta san jam'iyya ba. Gwajin farko na sabon tsarin ya nuna alamu masu daɗi, ko da yake shi da bakinsa ya hana a kira abin magani sai an ƙara gwadawa. Ana cikin haka ajali ya riske shi, kuma ba za mu ɓoye ba, mun ji tsoro ƙwarai cewa matan Gangara, waɗanda suka riga suka sha kunya sau ɗaya, za su naɗe hannu aikin ya bi shi kabari.

Ranar addu'ar uku, da hantsi, sai ga amalanken jaki a ƙofar gidan marigayin, Hajiya Batulu da matanta na biye. Suka jera sabbin kwatarni a tsakar gida inda rana ta fi zafi, suka cika su da ruwan da za a ba masu ta'aziyya. Wani dattijo cikin dangi, saboda kunyar baƙi, ya ce a yi maza a mayar da su inuwa, sai uwargidan marigayin, Malama Kubra, ta aiko daga cikin ɗakin takabarta cewa: "A bas su nan inda su ke. Malam ya ce rana ita ka aikin." Da la'asar aka juye ruwan a randuna, kuma da limamai da manyan buro, wato manyan ma'aikatan gwamnati, da talakawa, babu wanda bai sha ba.

Saboda haka ƙungiya, a zamanta na gaggawa, ta yanke shawarar cewa malamanta za su ci gaba da haɗa garin bi da bi a ɗakin gwaje-gwajen da marigayin ya bari, su kammala gwajin da ya fara, matan Gangara kuma su ci gaba da gini, tare da kai aikin har yankin Sae Sabuwa kafin faɗuwar damina in Allah Ya yarda.

A madadin Mai Girma Shugaba, da 'yan majalisar zartarwa, da ɗaukacin malamai, muna miƙa ta'aziyyarmu ga Malama Kubra, da 'ya'yan marigayin, Abdurrahaman da Sadiya, da 'yan'uwa da ɗalibansa, da iyayenmu mata magina na Gangara. Allah Ya ba su haƙuri da juriyar wannan babban rashi, Ya albarkaci bayansa, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya sa kowane kurɓi na ruwan nan ya zame masa sadaka mai gudana. Shi da ya yi ta roƙonmu mu fitar da ruwa rana don yaranmu su rayu, Allah Ya sanya shi a inuwar Al'arshinSa, Ya shayar da shi daga tafkin Alkausara. Amin.

Sa hannu:
Malam Muntari Ɗantala
Kakakin Ƙungiyar Malaman Kimiyya ta Agiye, Gazawa da Gidan Rumji
Gidan Rumji, Fabrairu 2011