Akori-kurata da aka ce injinta ya mutu

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ni dattijo ne daga Roni, na haura saba'in.

Shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa, ni da aminina tun na ƙuruciya muka sayar da gyaɗa da shanu, kowa ya sayi akori-kura. Ni na ɗauki 'yar Faransa, shi ya ɗauki 'yar Japan, muna jigilar gero da dawa daga Roni da Gwiwa zuwa Kazaure da Babura. Kullum muna cikin musu a tasha, ni ina cewa tawa ta fi ƙarfin bodi da jure rairayi, shi yana cewa injin tasa zai binne nawa.

A shekara ta huɗu tawa ta fara zafi tana shan ruwa. Shi ya raka ni wajen bakanikenmu a Kazaure, aka buɗe, bakanike ya ce injin ya buga, gyaransa asara ne. Aminin nawa ya ce in rabu da ita tun tana da sauran daraja, har ya samo mini wani mutumin Nijar ya saya a arha. Na koma gona, ban sake riƙe sitiyari ba. Shi kuwa ya yi ta ƙara motoci har ya je Makka. Ni da bakina na yi shekaru ina gaya wa 'ya'yana da duk mai neman mota cewa injin Japan ya fi daɗewa, ni ne shaida.

Watan jiya bakaniken nan ya aiko a kira ni, yana kwance ba lafiya. Ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, ka yafe mini. Injin lafiyarsa lau, gaskit ɗin kansa ne kawai ya ƙone, aikin yini ɗaya." Ya ce aminina ne ya sa shi faɗar haka, mutumin Nijar ɗin ma direbansa ne. Motata ta yi masa kusan shekara ashirin tana aiki a tsallaken iyaka, bayan tasa ta daɗe da mutuwa. Na yafe wa bakanike nan take, amma da na fito sai da na zauna a bakin hanya.

Abin da ya ɗaure ni, ɗan aminin nawa ke auren 'yata, jikokinmu biyar. Yanzu shi aminin idonsa ya yi rauni, ni nake jan hannunsa zuwa masallaci. Jiya ma ya tambaye ni ko lafiya na yi shiru kwana biyu, na ce ciwon baya ne.

Ba dukiyarsa nake so ba, so nake ya faɗa da bakinsa. In tunkare shi, ko da zai taɓa auren yaran? Ko in haɗiye, in ci gaba da riƙe hannunsa, mu haɗu gaban Allah?