Marimbar da Baba Ya Ƙera wa Mama

Cali, 3 ga Yuni, 1998

Ƙanena Nemesio,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Ubaldina da yara. Wata 'yar garinmu ta gaya min watan gobe Gidan Al'adu na Estero zai cika shekara arba'in. Wato ranka ya daɗe Darakta, sai a kasuwa zan ji? To, da gayyata ko babu, ina nan tafe.

Ba jawabinka zai kawo ni Tumaco ba. Shekara shida da rasuwar Mama, muryarta ta fara ɓace min. Kaset ɗaya gare ni, danshi ya cinye shi. Jiya ina wanke-wanke na so in yi waƙar da take yi wa Jariri Yesu, na rasa daga inda take ɗaukowa. Sai na tuna marimba, abin kiɗan nan namu na jerin katakai. Kai kana goye, amma ni ina tsaye Baba ya ƙera ta: Mama ta rera, ya fere katakon bishiyar chonta, ta sake rerawa, ya sake ferewa, har kowane katako ya ɗauki muryarta. A buga min ita sau ɗaya, ya ishe ni.

Yayarka,
Hermencia

Tumaco, 15 ga Yuni

Yaya Hermencia,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, wasiƙarki ta iso, duk muna lafiya.

Ba za ki gane wurin ba. Tsohon siton kwakwa da su Baba suka share suka fara kiɗa a ciki, yanzu ɗakin nuna zane-zane ne. Tsakar gidan da teku ke shigo mana in ya cika, mun ɗaga ta mun yi dandali. A ɗakin sama ake koyon rawa. Sabon zauren kuwa kujera ɗari uku ne, har da fiyano. Ina rubuta ɗan littafin tarihin gidan, ga shafin farko na haɗo miki.

Sai dai hanya ba kyau saboda ruwa. Da kin bari sai Disamba.

Naki mai biyayya,
Nemesio

Cali, 24 ga Yuni

Nemesio,

Ina gaishe ka. Na karanta shafin naka, har inda ka sa sunan Baba: "Marimbar da Aristóbulo Quiñones ya ƙera tana nan yadda ya bar ta." Madalla. To me ya sa na tambaye ka marimba ka shiga ba ni labarin kujeru? Kuma ni da aka haifa a Tumaco za ka tsorata da ruwan sama? Tun kana yaro, in ka fasa tukunya sai ka cika mutane da surutu. Me ka yi?

Hermencia

Tumaco, 4 ga Yuli

Yaya,

Ina gaisuwa, kunya kuma ta ishe ni. Layin nan ƙarya ne, ni na rubuta shi ina sane.

Bara, da za a buɗe sabon zaure, makaɗa suka zo daga Bogotá. Aka ce a haɗa marimbarmu da fiyano. Wurin gwaji shugabansu ya taɓa katako uku, ya yi murmushi, ya ce, "Darakta, wannan ai ba a saite take ba." Yaransa suka ƙyalƙyale da dariya. Yaya, na san amsar. Da na ce masa da muryar uwata aka saita ta, ba da fiyanonka ba, da shi ke nan. Amma na ji kamar ni ake wa dariya, mu 'yan bakin teku da ba mu san komai ba.

Washegari na kawo mai gyara da na'urarsa ta saita sauti. Tsohuwa Crucelina, wadda ta yi shekara talatin tana amsa wa Mama waƙa, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ɗan nan, abin da wuƙa ta cire ba ya komawa fa." Na ce, "Inna, zamani ne." Ni na riƙe masa katakan, duka goma sha takwas, yana ferewa.

An yi tafi sosai ranar. Crucelina ba ta sake tako gidan ba. Kowa na cewa marimbar ta yi daɗi, ni kuwa ko ta gabanta ba na iya wucewa. Mama ba ta cikinta.

Da mai gyaran ya tafi, na hana a yi shara. Na durƙusa na tsince ɓarɓashin katakon na zuba a gwangwanin kofi. Yana cikin aljihun teburina, ban san me zan yi da shi ba. Ban ce ki yafe min ba, don ni ma ban yafe wa kaina ba.

Ƙanenki,
Nemesio

Cali, 11 ga Yuli

Nemesio,

Na gaishe da Ubaldina da yara.

Zan iso ranar Asabar mai zuwa, a gidan Crucelina zan sauka. Kada ka zo taryata. Kada kowa ya buga marimbar ina wurin.

Layin nan ka goge shi kafin a buga littafin. Ka rubuta abin da aka yi mata, da shekarar, da sunan wanda ya riƙe katakan.

Gwangwanin kuma nawa ne. Ka rufe shi da kyau, kada danshi ya shiga.

Har yanzu yayarka,
Hermencia