Ƙullutun Haulatu

Lubabatu, na wuce Sakkwato da albasa ba ki dawo ba.

Ɗazu mijin Haulatu ya tare ni kasuwa. Wai ta ji ƙullutu ga nono, wata biyu tana shafa man shanu. Kin tuna gashin na'ura da anka yi mata ga ƙashin baya tana ƙarama, lokacin ciwon daji? Likita ya ce in ta girma a riƙa duba nononta. Ni na hana a faɗi, kar ta rasa miji. Laifina ne.

Na san ɗiyarki ta fari ce, ko sunanta ba ki kamawa. Yau aje kunyar nan. Katin asibiti na cikin adakata. Ɗauka ki tafi ki gaya mata komi. Gobe da safe in na dawo zan kai ta asibiti.

Attahiru