Manhajar da Ta Kai Magani Gidan Mamaci

Laraba, sha huɗu ga wata, ƙarfe huɗu da kwata na yamma. Ina zaune a ɗakin saba, wato babbar kwamfutar kamfaninmu, sanyin na'ura yana dukan ƙafafuna amma gumi nake yi.

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti da 'yan biyu. Allah ya ƙara maka lafiya da ƙarfin kula da marasa lafiyarka. Mutanen gida kowa lafiya. Ƙafar Mama ta yi sauƙi har ta koma faɗa da mu a kan wanke-wanke. Na kira ka bai shiga ba, na san kana asibiti, shi ya sa na rubuto.

Ka san aikinmu: masu babur suna kai wa marasa lafiya magani har gida, manhajar wayarsu ce take nuna musu sunan mutum da adireshinsa. Ranar Litinin muka ɗora sabuwar manhaja a saba don kowa ya sauke. Babban injiniyanmu ya tafi hutu, ni kaɗai ya bari. Wayoyi da yawa suka ƙi karɓa. Na duba saba, lafiyarta lau. Na duba intanet, na duba ko wayoyin sun cika, babu ko ɗaya. Masu babur kuwa dariya suke mini, wai Injiniya ta kwantar da hankalinta, su ai tuni suna da sabuwar. Na ɗauka zolaya ce.

Yau da hantsi wata mata ta kira ofis tana kuka. Ta ce an kawo wa mijinta magani, alhali ya rasu tun watan jiya. Na karɓi wayar mai babur ɗin da ya kai maganin, na ga kalmar gwaji a ƙasan manhajar. Ashe kafin ya tafi, injiniya ya saka wa wani mai babur da ake kira Dogo kwafin gwaji. Su kuma al'adarsu ce, don tausayin data, mutum ɗaya ya sauke abu ya tura wa sauran daga waya zuwa waya. Dogo ya ce shi taimako ya yi. Kwafin gwajin kuwa tsofaffin sunaye na watan jiya yake nunawa, kuma muddin yana kan waya, ta gaskiyar ba za ta shiga ba.

Mun goge, mun sauke ta gaskiya, mun bi sababbin marasa lafiyar da aka tsallake. Duk mun same su sai mutum ɗaya, wata tsohuwa mai ciwon suga da ke zaune ita kaɗai. 'Yarta ce ta yi mata rajista daga nesa, ta rubuta cewa allurar insulin ɗinta za ta ƙare ranar Litinin, wato shekaranjiya. Wayar tsohuwar tana ringin ba a ɗauka, ta 'yar kuma a kashe. Manaja ya ce in bar rawar jiki, tsofaffi ba sa jin waya. Dogo dai ya saka allurar a akwatin sanyi ya tafi da kansa.

Don Allah da ka gani ka kira ni, ka gaya mini gaskiya a matsayinka na nas, ba lallashin ƙanwa ba. Ka gaida Anti, ka shafa mini kan 'yan biyu. Mama da Kawu suna gaishe ka. Ban gaya wa Mama ba, kai ma kada ka gaya mata.

Ga abin da ban sani ba har yanzu: ko tsohuwar tana da ragowar allura, ko akwai maƙwabcin da ke leƙa ta, ko adireshin da ke hannun Dogo daidai ne, da kuma abin da zai tarar idan ya ƙwanƙwasa ƙofar. Ya ce zai kira da zarar ya isa. Ga wayar nan a gabana.

Ƙanwarka mai neman addu'arka,
Auta