Guɗar da na yi ni kaɗai

Daren Asabar, unguwar Abu Hail, ƙasar Larabawa

Maigidan ya kira daga wurin aikinsa a Port Saeed: "Amarya, ci abincinki, kwantena ta riƙe ni."

Na kunna gasar waƙar nan da kowace ƙasa ke tura mawaƙinta duk shekara. Babu Najeriya, sai na zaɓi wata mai farar riga, kamar jarumar littafin da nake karantawa. Tana gama waƙarta na rangaɗa guɗa, na manta ba a Kano nake ba.

Maƙwabciyata ta ƙwanƙwasa ƙofa a tsorace, ta zaci ihu nake. Ko gaisawa ba mu taɓa yi ba. Na ce lafiya lau, ta koma.

Me ya hana ni cewa ta shigo? Shayin mutum biyu na dafa.