Minti bakwai da kika yanke

Gaya, ranar Lahadi bayan la'asar

Zuwa ga Halimatussa'adiya, sanyin idona, ruwan farkon damina a kan gonar da ta gaji da jira, iskar bakin kogi da ke shigowa gari idan rana ta yi sanyi, zaƙin raken fadama, ke da sunanki kaɗai ke kwance mini ƙullin da ke ƙirjina.

Assalamu alaiki. Ina gaishe ki gaisuwar wanda bai tabbata za a amsa masa ba. Yau kwana goma sha tara rabon da in ji muryarki. Na kira salularki sau goma sha ɗaya. Sau biyu yayanki Seyni ya ɗauka ya ce ba kya kusa, sauran tara ta yi ta ƙara har ta gaji. Ranar Alhamis mai zuwa Baba Gado, wan mahaifina, zai taso daga Tanda da dattawa biyu da goro, su zo gaisuwar neman aurenki, kamar yadda aka tsayar tun kafin in yi abin da na yi. Ban ce musu su fasa ba, ban kuma iya ce musu su taho da kwanciyar hankali ba. Kwana huɗu suka rage. Shi ya sa na ɗauki bik da takarda, tun da bakina ne ya ɓata, ko hannuna zai fi shi hankali.

Kin tuna ranar da na fara shiga shagon Seyni na bakin tasha, inda ake zuba wa mutane finafinai a kart memuwar, katin ajiya na salula? Na dawo hutu daga jami'a a Yamai, ina neman abin da zan rubuta kundin kammala karatuna a kai: finafinan da mutanen Gaya ke kallo, na wace ƙasa, da abin da kowanne ya iya da abin da ya kasa. Kina zaune bayan ordinater, wato kwamfutar shagon, da mayafi ruwan ƙasa. Na buɗe kayena, littafin rubutuna mai layi shida: labari, wasan ƴan wasa, hoto, sauti, tsawo, da ƙarshe, kowane fim da makinsa bisa ashirin. Kika leƙa, kika tambaye ni ko fim nake aunawa ko shinkafa a tiya. Sai kika yi dariya. Na koma gida na kasa cin tuwo. Ashe akwai dariyar da ke raunata mutum ya kuma roƙi Allah a sake yi masa ita?

Fim ɗari biyu da goma sha huɗu na kalla domin kundin nan, sittin da uku daga ciki kina gefena a shagon. Yanzu da na karɓi diplom, in aka tambaye ni abin da na koya, gaskiya rabinsa daga bakinki na ji shi.

Ni ne na rubuta cewa Indiyawa sun fi kowa sanin bege, sun san yadda ake sa minti ɗaya na rabuwa ya yi nauyin shekara, amma ba su san lokacin tsayawa ba, kuma ruwan sama yana sauko musu duk sa'ad da suka buƙace shi, ko da rani ne. Ke ce kika ce mini waƙoƙin da nake rage wa maki saboda suna tsayar da labari, a nan ne mace ke tashi ta duba tukunya ta dawo ba ta rasa kome ba. Ban taɓa tunanin haka ba. Na ƙara wa kowane fim ɗinsu rabin maki.

Na Kano kuwa mun yi ta gardama a kansu. Na ce sautinsu yakan yi kamar a cikin randa aka ɗauka, kuma sau da yawa a ƙarshe wani dattijo ne zai zauna ya faɗa maka darasin da ka riga ka gani da idonka. Kika ce to a wane fim ne kuma zan ji uwa ta yi wa ɗanta faɗa da irin kalmomin da tawa uwar ke yi mini? Gaskiyarki, babu. Na Amerika hotonsu tsaf, ba sa ɓata daƙiƙa, amma mutum zai shiga gidan surukinsa bai gaisa ba, ya ci abinci a tsaye shi kaɗai, ya kashe mutum ashirin ba a nuna uwar ko ɗaya ba. Kika ce mutanen nan ko ba a yi musu ta'aziyya ne? Masu dogon zango na Turkiyya sun iya shiru, sun iya barin fuska ta yi magana, sai dai abin da za a gama a sati sukan ja shi wata takwas. Finafinan faɗa na Sin labarinsu kusan ɗaya ne, amma almajirin sana'a yana durƙusa wa malaminsa, wannan kuwa mun gane shi. Na Yarbawa da ke shigowa ta iyakar Malanbil, uwa a cikinsu uwa ce da gaske, ko da aljanun nasu ana ganin da ordinater aka zana su. Tsofaffin namu na Nijar su na fi ba wa maki, saboda ƙasar da ke cikinsu tamu ce, tafiyar mutanen ma tamu ce. Ke kuwa kika yi gyangyaɗi a biyu daga cikinsu, kika farka kika ce ba laifinki ba ne, mutumin tun ɗazu yake tafiya bai isa ba.

Ya hasken zuciyata, duk wannan awon na yi shi da kyau, malamaina sun yaba. Amma layi shida na ja a kayen nan, babu ko ɗaya da ke tambayar wane ne ke zaune gaban fim ɗin, da abin da ya ɗauko a zuciyarsa kafin ya zauna.

Bari in faɗi laifina yadda ya faru, ba ragi. Ran nan da hantsi mata biyar ne a shagon, har da Inna Ajuma, mahaifiyarki, da ta kawo muku fura. Ɗaya daga cikinsu tana yabon fim ɗin nan na Indiya mai fassarar Hausa, na direban da matarsa ta yi shekara tana jiransa. Ta ce babu ƙarshen da ya kai nasa daɗi: matar ta ji oda, ta fito da gudu, ga kamiyon mijinta, babbar motarsa ta kaya, yana shigowa gari, sai fim ya ƙare. Ni kuwa na kalle shi a Yamai, na rubuta tsawonsa: awa biyu da minti arba'in da ɗaya. Na dubi ordinater, naku awa biyu ne da minti talatin da huɗu. Sai na buɗe baki gaban kowa na ce ai ba nan ne ƙarshen ba, saura minti bakwai. Abokinsa ne ke tuƙa kamiyon, gawar mijin ce a baya. Ban tsaya nan ba. Na ce duk wanda ya yanke wannan ya cuci fim ɗin, ya kuma cuci masu kallo. Wallahi na ɗauka daga can inda ake fassarawa aka yanke. Na ga Inna ta ajiye ƙwaryar a hankali ta fita. Na ga hannunki ya tsaya cik a kan tebur. Ko a nan ban gane ba, har sai da Seyni ya ja ni waje.

Shi ya gaya mini ke ce kika yanke. Ya ce finafinai goma sha ɗaya kika yi wa haka, saboda matan direbobi da mazajensu ke yin watanni a ƙetaren kogi, su kuma suna nan da salula a hannu suna jira. Ya ce wannan shi ne na farko, kuma domin Inna kika yi shi. Ta kalle shi ya fi sau ashirin. Na san mahaifinki Malam Baƙo direban hanyar Kwatano ne. Na san hatsarin da ya ɗauke shi kusa da Kandi, shekara huɗu ke nan, na san can aka binne shi, Allah ya jiƙansa. Har watan na sani. Duk waɗannan suna cikin kaina a jere, kamar buhuna a sito, ban haɗa ɗaya da ɗaya ba. Wane irin mai ilimi ne zai ƙidaya minti bakwai ya kasa ganin fuska biyu da ke gabansa? Yanzu ana cewa a gari shagonku guntun fim yake ba mutane, kuma ke aka nuna da yatsa, ke da kika yi don tausayi.

Akwai kuma abin da ba ki sani ba, shi ne ya fi hana ni sukuni. Shekaranjiya Juma'a da safe, kina shago, na je gidanku na durƙusa gaban Inna in ba ta haƙuri. Tana tsintar shinkafa a faifai. Ta bar ni na gama, sannan ta tambaye ni ko mintocin nan suna wurina. Suna cikin salulata, Sa'adiya. Da na ce babu, da ta yarda. Na nemi ƙaryar a bakina na rasa. Ta ce in nuna mata.

Muka kalla tare a tsakar gida, ni da ita. An sauko da shi daga kamiyon, gari ya taru, aka buɗe wa matar fuskarsa, kiɗa na tashi. Ta ce in mayar da wurin buɗe fuskar. Na mayar. Ta ce in ƙara. Sannan ta ce:

"Kiɗan nan ƙarya ne, ɗana. Ba mai yi wa mutum kiɗa a wannan sa'a. Amma ita ta ga fuskarsa. Ni hularsa aka kawo mini a leda."

Ta tashi ta shiga ɗaki. Na zauna minti arba'in ina kallon kaji na cin shinkafar da ta bari, na kasa korar su, na kasa tashi. Da ta fito idonta ya yi ja. Ta ce ita ta yafe mini, amma ba ita na kunyata ba, maganar Alhamis kuma ba a hannunta take ba. Ta ce ba za ta gaya miki abin da ya faru ba, ni zan gaya miki da kaina. Ga shi na gaya miki.

Ban san ko alheri na yi mata ko na fama mata ciwo ba. Na auna ta kowace fuska, awon ya ƙi tsayawa. Kada ki ɗauka na kawo wannan labari don in nuna ni ke da gaskiya. Abin da kika yi shekara kina kare ta daga gare shi, ni na ɗora mata a cinya, sau biyu, ba tare da izninki ba. Kuma ba zan saye ki da ƙarya ba, ko da ita ce kaɗai za ta dawo mini da ke: har yanzu ina ganin fim ɗin da ƙarshensa ya fi ƙarfi, sha shida na ba shi, in babu mintocin nan sha biyu zan ba shi. Sai dai yanzu na san ba fim kike gyarawa ba. Kina neman yadda mahaifiyarki za ta ga kamiyon ya shigo gari, ko sau ɗaya a rana, ta kwanta da wannan. Wannan aikin ba ni da ma'aunin da zai ɗauke shi, ban kuma isa in ba shi maki ba.

Ya farin watan da nake duban hanya da shi, ya tattabarar da ta tashi daga hannuna saboda na matse ta, me zan yi da diplom in babu wadda zan kawo wa? Wa zai ƙara yi mini dariya idan na ɗauki abu da zafi? Kogin nan yakan ja baya da rani har a ga yashi a tsakiyarsa, amma bai taɓa mance hanyarsa ba. Haka zuciyata take gare ki. Ba zan yi miki alkawarin zan daina lura ba, haka Allah ya yi ni, kuma kin san alkawarin da ba zan iya cikawa ba ba na ɗaukarsa. Abin da na ɗauka shi ne: duk abin da idona ya gani ya ga bai cika ba, a fim ne ko a gida, gare ki zan fara kawo shi, ke kaɗai, da murya ƙasa-ƙasa, in tambaye ki dalili kafin in ce uffan. In kin yarda, zan tsaya a shagon gaban matan nan in ce kalmar cuta da na faɗa ni na yi kuskure. In kin ga hakan zai ƙara tono maganar, zan yi shiru. Ke za ki zaɓa.

Ranar Alhamis tun da safe zan kasance a tasha ina jiran motar Tanda. Ki aiko mini da kalma ɗaya ta bakin Inna ko ta bakin Seyni kafin ta iso. In kin ce su ƙaraso, ni zan ɗauko musu goron a kaina har ƙofar gidanku. In ban ji kome ba, ba zan bari dattawa su zo su zauna a zaurenku su sa ki amsa don kunyarsu ba. A nan tashar zan tare su, in gaya wa Baba Gado laifin nawa ne ba naki ba, in sa su a mota su koma. Zai yi mini faɗa, zai kawo mini sunayen ƴan matan Tanda, zan saurare shi da ladabi in ce masa a'a. Zan ce masa a'a bana, in ce masa a'a baɗi.

Naki, wanda ya ɓata da bakinsa, wanda bai da wata sai ke, kuma ba zai nema ba muddin yana numfashi,

Zahradeen