Kariyar Surukina Ta Ƙi Wucewa Ta Ƙofar Gida

Gwaggo, don Allah ki agaza mini, na rasa wanda zan kai wa wannan magana bai tuntsire da dariya ba. Ke ma na san za ki yi, amma ki daure ki kai ƙarshe.

Ni mai aikin lantarki ne, ina sa waya da fanka a gidajen mutane. Ina da wata tsohuwar mota da ta girmi 'yata ta fari, da tsani wanda ba ya shiga cikinta. Shekara da shekaru ta taga nake zura shi, rabi a ciki rabi a waje, da jan ƙyalle ɗaure a wutsiyarsa. Na taɓa zuwa tambayar kuɗin kariya, ragar ƙarfen nan da ake ɗorawa a saman mota don kaya. Da na ji farashin, na yi musu fatan alheri na kama hanya.

Baba, mahaifin matata, a gidanmu yake tun rasuwar matarsa bara. Mai walda ne, shekara arba'in yana yi kafin idonsa ya yi rauni 'ya'yansa suka taru suka hana shi. Tun da ya dawo wajenmu kullum yana ɗaki, abinci sai an yi ta lallashi, magana kuwa daga to sai madalla. Rannan ina tsakar gida ina mita a kan tsanin nan, sai ga Baba ya fito. Ya zagaya motar sau biyu, ya ƙwanƙwasa rufinta, ya ce a fito masa da ƙarfen tsohon gadon da ke sito.

Gwaggo, kwana tara ban gane surukina ba. Ya aike ni wajen masu sayar da tsofaffin ƙarafa na sayo bututun ruwa huɗu da kuɗin da bai kai na litar mai biyu ba. Ya aro injin walda wajen wani da ya koya wa aiki. Ya yanka tsohon tub ɗin taya ya naɗe sandunan don kada su goge tsanin. Fenti kuwa ragowar na ɗakin yara ne, shi ya sa kariyar ta fito ruwan hoda, amma wa zai yi magana? Tsohon nan yana ci yana neman ƙari, yana yi wa jikokinsa tsiya, har faɗa ya yi mini kan yadda nake riƙe zarto. Matata ta laɓe a kicin tana kukan murna.

Kuma kada ki ce bai yi awo ba. Ya auna tsayin ƙofar gida sau biyu, ya auna motar, ya rubuta a bango da alli. Abin da bai sani ba shi ne, duk kwanakin nan akwai buhun siminti shida a but da kujerar baya an lulluɓe da tamfol. Na ɗauko wa yayata ne, ƙiwuya ta hana ni saukewa. Ranar da aka gama, Baba ya tafi ganin likitan ido, na sauke simintin, motar ta miƙe kamar wadda ta tashi daga barci. Ina zuwa ƙofa sai ji na yi ƙwas! Kariyar ta fi linta, wato simintin da ya gitta saman ƙofar, tsawo da yatsa biyu. Cire ta kuma ba dama, don Baba bai yarda da noti ba, walda ya yi wa ƙafafunta a bakin rufin.

Yau sati uku ke nan. Kullum da safe, idan Baba ya koma barci bayan asuba, sai in sace iskar tayoyi huɗu, in zuba matata da yara a baya, in roƙi maƙwabcina mahauci, wanda Allah ya hore wa jiki, ya zauna a gaba. Haka muke sulalewa ta ƙofar. Mai facin bakin titi ya daina tambayata, yana hango ni sai ya jawo tiyon buga iska. Da yamma in laɓe a kwana sai Baba ya tafi sallar magariba, a sake sabon lale. Mahaucin ya fara cewa bayansa na ciwo. Mai gidan da muke haya ya ce duk wanda ya taɓa masa linta ya haɗa kayansa.

Matata ta ce kada in kuskura in faɗa, wai Baba zai ɗauka idonsa ne ya yaudare shi, ya koma ɗaki. Ni ma abin da nake tsoro ke nan. Wallahi ina son tsohon nan, ba zan iya sake ganinsa ya juya wa bango fuska ba. To ga shi jiya ya ce ran Asabar tare za mu fita daga gida, zai je layin masu walda ya nuna wa abokansa aikin. In kai ta wajen wani a rage ta a ɓoye ne? Ko in ce motar ta lalace? Ki faɗa mini yadda zan yi.

Naki,
Mai Tsani

*

Ɗana Mai Tsani,

Na yi dariyar, har sai da na cire tabarau na goge. Ka gaishe mini da mahaucin nan, irinsa ba su da yawa.

Mu fara da tayoyin. Ka daina yau ɗin nan. Tayar da ake murzawa ba iska tana mutuwa ta gefe, inda ido ba ya gani, kuma ba a ƙofar gida za ta nuna maka ba, sai kana gudu a babban titi da tsani a kanka.

Tsoron matarka yana da tushe, kada ka raina shi. Ita ta ga mahaifinta a wancan halin, ba ta son ta sake gani. Amma ku biyun kun manta abu ɗaya: awon Baba daidai ne. Motar da aka ba shi ya auna. Wanda ya bar simintin kai ne, kuma ina zargin ba mutuncin Baba kaɗai kake karewa ba, har da kunyar ƙiwuyarka. Ni ban ma yarda cewa bai sani ba. Mutumin da ya yi shekara arba'in da ƙarfe, ya shafa aikinsa ya ji fenti ya kankare a sama, ai ba sai an yi masa bayani ba. Wataƙila fitar Asabar ɗin nan hanya ce ya buɗe maka.

Kai ta wajen wani a ɓoye kuwa, kada ma ka fara. Kowane mai sana'a ya san hannunsa. Ranar da ya ga waldar wani a kan tasa, ranar ce zai gane kun yanke cewa ya gama amfani, wannan kuma ya fi yatsa biyu ciwo.

Ka fara shawo kan matarka, sannan ka same shi kafin Asabar. Da simintin za ka buɗe magana, ka ɗauki laifinka gaba ɗaya, ka bar shi ya yi maka faɗa son ransa. In ya huce, ka roƙe shi ya rage ƙafafun da yatsa huɗu, ya kuma duba ko za a iya kama su da noti a wannan karon, don a riƙa cirewa idan buƙata ta taso. A yi awon motar ba kowa a ciki, tayoyi cike da iska. A cire kan batir kafin a kunna injin walda. Idan idon ya gaji, wanda ya ara masa injin ya riƙe, Baba ya tsaya a kansa yana ba da umarni. Bayan an gama ka jijjiga ta da ƙarfinka, kada kuma ka ɗora mata abin da ya wuce tsani da 'yan kayan aikinka.

Kana tsoron gyaran nan zai mayar da shi ɗaki, alhali abin da ya fito da shi tun farko shi ne ya ji ana bukatarsa. Sati uku ke nan kana da aikin da ba mai yinsa sai shi, ka ɓoye masa. Je ka ba shi.

Allah ya ƙara wa Baba lafiya da hasken ido, ya bar ku tare, ya kiyaye hanya.

Gwaggonka